Kunnen Yagana na Dama

Kakata Yagana, uwar babana, ba ta iya zama wuri ɗaya. Har bayan tsufa ya lanƙwasa ta, in an shimfiɗa mata tabarma sai ta ɗosana a bakinta kamar wadda ake shirin kira, can ta miƙe ta gyara itacen murhu, ta dawo, ta sake miƙewa ta leƙa awaki. Duk inda za ta bi, hannunta na hagu yana shafar wani abu, ko zana, ko jikin rumbu, ko kafaɗar yaro. A gidanmu abin dariya aka mayar da shi, babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ta dalili. Ita ce ta ga dama ta faɗa mini, wani hutu da na dawo daga kolej a Damagaram, muna ɓarar gyaɗa. Abin da ta faɗa shi zan rubuta, wanda ransa zai ɓaci a dangi ya ɓaci.

An haife ta a wani ƙauye tsakanin Ollelewa da Tanut. Iyayenta Barebari ne manoman gero, waɗanda suka daɗe a Damargu har Hausa ta fi Barbarci zama a bakinsu. Ta auri kakana Ɗan Azumi, mutum mai sanyin hali, wanda ko akuya ba ya iya yi wa musu. Gida ɗaya suke da wansa Yahuza, gona ɗaya, garke ɗaya, kuma abin da Yahuza ya ce shi ke nan.

Bayan babbar yunwar nan da ta watsa ƙauyuka, Yagana tana goyon fari, wani ƙulli ya fito mata a bayan kunnen hagu. Ya fara kamar ƙwayar wake, ya kai ƙwan zabuwa. Kunnen yana mata ƙugi kamar an kife ƙwarya a kan ƙudan zuma, ƙasa kuma tana juya mata. Aka kira Ila wanzami. Mata suka danne ta, ya tsaga, ya tono abin da ya tono, ya cika ramin da garin bagaruwa. Ta rayu, wannan kam ba na hana shi. Amma daga ranar kunnen hagu ya mutu murus, gefen bakinta ya ɗan saki, jirin kuma ya ƙaru har ba ta iya ɗaga kai. Damina guda ta yi tana bin bango. Da ta koma aiki, sannu a hankali ƙasa ta tsaya mata. Shi kuwa Ila ya ɗauki labarin ya riƙa yawo da shi kasuwa kasuwa, wai shi ne ya cire wa matar Ɗan Azumi jiri da aska. Daga nan har Balbeji an san maganar.

Wanda bai san rijiyoyin Damargu ba, bari in kwatanta masa, don in bai gane rijiyar ba ba zai gane abin da aka so a yi wa matar nan ba. Zurfinsu ya wuce a ja ruwa da hannu. Ana kafa itace mai baki biyu a bakin rijiya, a sa gungume mai juyawa a tsakani, a ɗora igiyar fata a kansa. Bakin igiyar ɗaya yana ɗaure da wasaki, wato babban gugan fata, ɗayan kuma yana ɗaure a jikin takarkari, san da aka hora da aiki. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin rijiya, ɗaya ya ja san ya yi ta tafiya da shi har wasaki ya fito. Tafiyar da nisa. Kuma ba ka iya cewa nan na tsaya jiya, nan zan tsaya yau, domin igiyar fata tana miƙewa in ta jiƙe, tana gajarcewa in an ƙulle inda ta tsinke. Kana can nesa, ka ba rijiya baya, shanu na kuka, raƙuma na gurnani, makiyaya na faɗa kan kwamin shayar da dabbobi. Na bakin rijiya zai yi kira, kai kuma ka tsayar da sa nan take. In ka yi jinkiri wasaki ya daki gungume, ko igiya ta tsinke, ko itacen ya tuge ya tafi da mutum.

Ɗan Azumi ne a bakin rijiya, Yagana ce ke jan sa. Da kunne ɗaya take wannan aiki. A rijiyar gidaje da yawa ke ja lokaci guda, kowa da itacensa, kowa da kiransa, amma ita tana tsinto muryar mijinta a cikinsu kamar yadda ake tsince tsakuwa a gero. Tana gaban san, igiyar hancinsa a hannunta, kanta a karkace, kunnen dama yana kallon baya.

A nan ta yi ƙawa, Hajjo, wata Bafulatana daga wajen Tenhiya da ke sauka da shanunsu kusa da ƙauyen kowane rani. Kun san tsakanin Fulani da Barebari ba a gaisuwa sai da zagi.

"Baiwata, ja san nan da kyau, shanun uwargijiyarki na jin ƙishi," in ji Hajjo.

"Ƴar Fillo, zagayo ta dama ki zage ni. Ta nan ɓarnar yawu kike yi."

"Na sani. Ai ta nan nake faɗin na gaskiyar."

Haka aka yi shekaru. A lissafina wajen 1926 ne zazzaɓin ƙarshen damina ya kayar da ita, ta daɗe a kwance. Da ta tashi sai ta ji ƙasa ba ta zauna daidai ba. Ba ta gaya wa kowa ba. In ta sunkuya ɗaukar tulu sai tsakar gida ta zame gefe, in ta juya kai da sauri sai bukkoki su biyo ta a makare. Ta ce a ranta rashin ƙarfi ne, zai wuce. Aka gama kaka, tafkuna suka ƙafe, aka koma rijiya.

Wata hantsi, rani ya yi nisa, tana tsakiyar tafiya da sa, sararin gabanta ya tashi tsaye. Haka ta faɗa mini, ya tashi tsaye kamar an ɗaga tabarma ta gefe ɗaya. Ta ji kiran Ɗan Azumi sarai. Ta ji na biyu ma. Amma tana ƙasa, ta rungume rairayi da hannu biyu don kada ta zame daga duniya, igiyar hanci ta suɓuce. San ya ci gaba da abin da ya saba. Wasaki ya daki gungume, itacen ya tuge, ya share ƙafar Ɗan Azumi. Allah ya sa baya ya faɗa, ba ciki ba. Wasaki da igiya suka tafi bayan takarkarin, ruwan ya zube a banza.

Kafin a kai ta gida Yahuza ya iso da sandarsa. Bai tambaye ta abin da ta ji ba. Mutanenmu sun yarda da sawu fiye da bakin mace, saboda haka ya tara maza suka bi hanyar igiya suna duban ƙasa. Sawun takarkarin ya miƙe sak. Na Yagana ya fara tare da shi, sai ya zame hagu, ya dawo, ya sake zamewa hagu, har inda ta faɗi. Suka duba na jiya da na shekaranjiya da dabbobi ba su tattake ba, duk haka.

Yahuza ya dogara sanda ya ce, "Jakin da ke da gyambo a dama, ina yake karkata?"

Aka ce hagu.

"To. Gudun ciwon take yi. Ila ya kore shi daga hagu, ya ƙaura dama."

Wani dattijo makiyayi ya ce shi dai tunkiya mai juwa da ya sani, gefen da ciwon yake nan take juyawa.

Yahuza ya ce, "Matar ƙanena tunkiya ce?"

Kun ji fa. Jaki ya yi daidai da ita, tunkiya ce cin mutunci. Aka yi dariya, magana ta zauna: a kira Ila ya buɗe kunnen dama.

Na taɓa kwatanta wa wani lokotoro, wato likita, a Damagaram wannan ciwon. Ya ce daga labari ba zai iya sanin abin da Ila ya cire ba. Amma ya ce a can cikin kunne akwai abin da ke riƙe wa mutum tsayuwarsa, in na gefe ɗaya ya lalace, na ɗaya gefen da ido da ƙafa su ke koyon ɗaukar nauyin. Ya ce ko waɗanda ake cire wa ƙari a jijiyar kunne a manyan asibitoci, wasunsu jiri yakan dawo musu bayan shekaru, musamman in wata cuta ta daɗe da su a kwance. Na ce masa, to in aka je aka tono kunne mai lafiyar fa? Ya ce, wa zai yi wannan? Na sauya magana, don sunan danginmu ne.

Aka kwantar da ita a ɗaki, aka ce kada ta motsa. Wannan shi ne mafi muni. In tana kwance rufin bukka ke juyawa, in ta rufe ido gadon ke tafiya da ita. Ta lura in ta tashi tana taka ƙasa, idonta a kan abu ɗaya, hannunta a jikin zana, abin yana lafawa. Sai ta riƙa fita tana zagaya gida ta cikin shinge, ta zagaya, ta sake zagayawa. A kamo ta a mayar, ta sake fita. Mata suka fara cewa abin ya taɓa mata kai.

Da Ɗan Azumi ya shigo da ɗingishinsa, ta ce masa, "Kai, ka je ka gaya wa Yaya ba na so."

"Ya riga ya aika."

"Kunnen Yaya ne?"

"Ke dai ki yi haƙuri. Wancan karon ba ki warke ba?"

"Na warke da kunne ɗaya. Wannan karon da nawa zan warke?"

Ya zauna yana murza gwiwarsa.

Ta ce, "In ka yi kira a bakin rijiya, wa zai ji ka? In yaronmu ya faɗa wuta yana kuka a bayana, wa zai gaya mini? Ka dube ni mana. Babu abin da ke ciwo a nan. Taɓa ka ji."

Ya taɓa. Ya ce lallai babu kumburi. Sannan ya ce, "Amma Yaya ya ga sawu." Ya tashi ya fita. Kakana ne, Allah ya jiƙansa, amma ranar nan bai yi abin kirki ba.

Ila ya zo bayan kwana biyu, ya tsufa, ya yi tumbi, zabirarsa a rataye. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya ce, "Ina ƴata mai tsadar kunne?" Ya juya kanta ya duba tsohon tabon, ya shafa shi da yatsa yana murmushi kamar mai duban gonarsa. Ya juya ya lalubi bayan kunnen dama, ya danna, ya sake dannawa.

Yagana ta ce, "Baba Ila, ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To me za ka yanka?"

"Wancan ya fito waje, shi ya sa kika gan shi. Wannan mai wayo ne, yana ciki. Sai an bi shi."

"Ko dai na hagun ne ya tashi?"

Murmushin ya ɗauke. Ya ɗaga murya yadda mazan da ke waje za su ji. "Abin da na cire ba ya dawowa. A tambaya daga nan har Tanut."

Kun ga inda matsalar take. In ciwon na hagu ne, aikin da Ila ya yi shekaru yana taƙama da shi bai cika ba ke nan. In na dama ne, Ila gwani ne, Yahuza kuma ya iya karatun sawu. Maza biyu sun tsira da girmansu, abin da za a biya kawai kunnen Yagana ne. Ila ya ce yana da kaciya a wasu ƙauyuka, in ya gama zagayen zai dawo, a tanadi bagaruwa da mata masu ƙarfi.

Ta gwada gudu. Da rana tsaka, mutane na barcin zafi, ta ɗauki sanda ta nufi garin iyayenta. A fili babu zana, babu bango, babu abin da ido zai kama sai kararen gero da aka sare. Ta yi ta tafiya, tana faɗuwa tana tashi, da la'asar sai ga ta ta ɓullo ta bayan rijiyar garinsu, inda ta baro. Masu ban ruwa suka rako ta gida. Yahuza ya ce kun gani, ciwon yana ci, Allah ya kawo Ila da wuri.

Washegari Hajjo ta zo da ƙwaryar nono, ta same ta tana zagayen shinge.

"An ce baiwata ta gudu ta dawo da kanta. Haka ake son bawa."

Yagana ba ta rama ba. Hajjo ta dube ta, ta ajiye ƙwaryar, ta zagayo ta dama.

Yagana ta ce, "Sai sun yanka. Na duba ta ko'ina, sai sun yanka. Tunda haka ne, gara in ba su inda za su yanka." Ta nuna tsohon tabon. "Wannan ya riga ya mutu. In suka ga kumburi a nan, da idonsu, a gaban mutane, ba su da ta cewa."

"Ina za ki samo kumburi?"

"Na taɓa yankewa a hannu ina saran tumfafiya, ruwanta ya shiga. Kwana uku hannun kamar ba nawa ba."

Hajjo ta ce, "Ke Barebari ba ku da hankali, amma ban san ya kai nan ba. In ya shiga idonki fa? Ki tsira da kunne ki rasa ido?"

"Shi ya sa ke za ki yi. Ni ba na ganin wurin."

Suka fita ta bayan gida kamar masu zagayawa, Yagana ta dafa kafaɗarta. A gindin wata tumfafiya Hajjo ta yage bakin zanenta ta ɗaure mata ido tam, ta kwantar da kanta a cinya, ta karyo ƙayar aduwa. Ta tsattsaga tabon da ita, ta karya ganye, ta ɗiga farin ruwan a kai. Kakata ta ce zafin askar Ila wasa ne a kan wannan. Ta ciji zanen Hajjo har ya huje.

Hajjo ta ce, "Za ki biya ni zanena."

"Je ki karɓa wurin Yahuza."

Sau uku suka yi haka, rana bayan rana. Wurin ya tashi, ya yi ja, ya yi zafi, har wuyanta ya ƙi juyawa. Ta ja kallabi ta rufe. Zazzaɓi ya kama ta, mutanen gida suka ce ciwon ne ke ƙara ci.

Ranar da Ila ya dawo, da safe aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Mata suka taru, Hajjo ta kutsa cikinsu ta ce ita za ta riƙe kai, ta saba riƙe maraƙi. Yahuza da Ɗan Azumi suna tsaye daga bakin zana. Ila ya buɗe zabira, ya zaɓi aska, ya wasa ta a tafin hannu. Ya ce a kwantar da ita ta hagu, kunnen dama a sama.

Hajjo ta zare kallabin, ta juya kan kamar za ta gyara shi, sai ta tsaya. Ta ce da ƙarfi, "Af. Wanzami, wannan kuma mene ne?"

Matan suka leƙo. Ɗaya ta yi salati. Kumburin ya kai rabin lemo, a daidai kan tsohon tabon, yana ƙyalli. Aka ce Yahuza ya zo ya gani, ya matso ya gani, ya koma bakin zana.

Ila ya durƙusa. Ya danna wurin, Yagana ta zabura. Ya kai hancinsa kusa. Ya daɗe a haka, kowa na jira. Sannan ya ɗago ya ce, "Uwar na cire. Ashe ta bar ɗa."

Yahuza ya ce, "To na daman fa?"

"Ba a buɗe mutum ta gefe biyu rana ɗaya. In wannan bai kashe jirin ba, kafin ruwa ya sauka in dawo wa ɗayan."

Aka juya ta. Kafin ya sa aska ya sunkuya ya yi magana a kunnen hagu, ƙasa ƙasa. Ita ba ta ji ba, ta ina za ta ji. Hajjo ce da ke riƙe da kan ta ji, ta gaya mata daga baya. Cewa ya yi, "Wadda ta yi miki aikin tumfafiyar nan ba ta iya ba, ta zuba da yawa."

Wato ya sani. Ya san lafiyayyar fata ce aka ƙona, ya san mace ba ta yi wa kanta haka sai an kai ta bango, kuma ya yanka. Wasu a dangi in na faɗi wannan sai su ce ai ya rufa mata asiri, ai bai zurfafa ba. Ya rufa wa kansa dai. Da yana da tausayi da ya miƙe ya ce babu abin yanka a jikin matar nan, dama ko hagu. Ya tsaga, jini da ruwa suka fita, ya ɗaga wani ɗan tsoka a bakin aska ya nuna wa jama'a, aka yi ta sa masa albarka.

Yanzu saura babban aikin. Ila ya faɗa a gaban kowa, in jirin bai tafi ba zai dawo. Jirin kuwa ko gezau. Saboda haka dole Yagana ta warke, ko ta warke ko ba ta warke ba, kuma a rairayi za a duba.

Raunin bai gama rufewa ba ta ce a kai ta rijiya. Aka ce ta bari, ta ce ita ta ji sauƙi, zaman me za ta yi. An gyara itacen, an ƙulla igiya. Yahuza ya zo da sandarsa ya tsaya gefe. Ta kama igiyar hancin sa, amma ba ta shiga gabansa yadda ta saba ba. Ta koma damansa, ta manna kafaɗarta ta hagu a tasa, ta ɗora hannu a kan tozonsa.

Hajjo, da ke jiran kwami, ta ce, "Sabon salo ne, ko soyayya ce da san mutane?"

"Raunin nake kare wa rana, ƴar Fillo. Ke da ba ki san ciwo ba sai na yunwa."

Suka tashi. Duk sanda ƙasa ta ja ta hagu, sai ta faɗa jikin sa, shi kuwa ko a jikinsa, tafiyarsa yake yi. Ta kafa ido a kan wata aduwa can gaba, ba ta ƙifta ba. Kunnen dama yana waje, babu abin da ya tare shi. Kira ya zo, ta tsayar. Ta juya san a hankali, ita da shi kamar abu ɗaya. A nan, jikinsa ya kare ta daga masu kallo, ta sunkuya ta amayar da furar safe, ta tura rairayi da ƙafa ta rufe, ta goge baki da bakin zane, suka komo.

Yahuza ya bi hanyar tun daga rijiya har ƙarshe, kansa a ƙasa. Sawu biyu, na sa da na mace, gefe da gefe, ba wanda ya rabu da wani. Ya dawo ya ce wa mutane, "Sak. Na ce muku a kira Ila." Ko kunya. Ya manta shi kunnen dama ya ce a yanka.

Bai bari nan da nan ba. Yakan ɓullo ba zato, ya bi sawun, ya tafi. Ita kuma kullum tana manne da sa, daga hantsi har rana ta karkata, wata rana da sauƙi, wata rana ta rufe amai sau da yawa. A gida ta koyi bin zana da jikin rumbu kamar mai neman wani abu, ta koyi ɗaukar tulu ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Gashin kafaɗar san ya goge a daidai inda take jingina. Jirin ya riƙa lafawa yana tashi har ƙarshen ranta, amma kunnenta na dama yana ji har aka kai ta kabari, in ka yi gulmarta a bayan ɗaki sai ta ba ka amsa.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Ila ya biyo ta rijiyar a kan jakinsa. Yagana tana can ƙarshen igiya. Ya tsaya wurin Ɗan Azumi, ya sha ruwa, ya dubi hanyar ya ce, "Yaya ƴar tawa? In sauke zabira?"

Ɗan Azumi ya fi kowa sanin amsar. Daga bakin rijiya yana ganin yadda take rataye a jikin san, yana ganin sanda take ɓacewa a bayansa ta daɗe ba ta fito ba. Yahuza na zaune a kan kwami yana saurare. Kakana ya karɓi wasaki, ya juye ruwan, ya mayar da shi rijiya, sannan ya ce, "Ta warke."

Ila ya dube shi, ya dubi Yahuza, ya buga wa jakinsa ƙafa ya yi hanyar Tenhiya. A duk wannan lamari ita ce magana ɗaya mai amfani da kakana ya yi, ita ma ƙarya ce.